Hodi Mai Ƙugun Ƙarfe

A unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, duk wanda ya haura shekara talatin ya san Hodi, kuma da yawa daga cikinsu sun san nauyin hannunsa. Ba dogo ba ne. Gajere ne kakkaura, wuya kamar turmi, yakan saɓa buhun shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a kafaɗa ya bi kunya da shi yana hira, kai ka ce matashin kai ya ɗauka. Mahaifinsa masunci ne ɗan Argungu da ya baro ruwa ya kama noma, kuma abu biyu ya bar wa ɗan nasa: gonar shinkafa a fadamar Zauro, da zuciya mai tafasa tun ba a iza wuta ba. Hodi ya yi kokawa shekara huɗu a samartakarsa, sannan aka daina kiransa fage. Ba wai ana kayar da shi ba ne. Idan ya kayar da mutum ba ya tashi daga kansa sai an taru an ɓamɓare shi.

Mutum ɗaya ce bai taɓa duka ba, matarsa Baiwa. Ya gwada sau ɗaya, a shekarar farko ta aurensu, a kan tuwo da ya yi gudaji. Yana ɗaga hannu ta zaro muciya daga tukunya tana tururi, ta tsaya a gabansa.

"Taɓa ni," ta ce. "Wallahi yau ɗayanmu na kwana kushewa."

Ya dube ta, ya dubi muciyar, sai ya fashe da dariya ya zauna ya cinye tuwon da gudajinsa. Sun haifi 'ya'ya biyar, uku suka rayu. Babbansu shi ne Abbas, wanda ya ɗauko jikin uban amma bai ɗauko zuciyarsa ba.

A ranin shekarar 2008 abin ya same shi. Gonarsa tana maƙwabtaka da ta wani mutumin Augie mai suna Riskuwa, siriri mai magana ƙasa-ƙasa, kuma hanyar ruwa ɗaya ce take shayar da su biyun, yau na wannan gobe na wancan. Hodi ya tafi Argungu jana'izar kawunsa, ya yi kwana uku. Da ya dawo gona da hantsi sai ya tarar an toshe bakin hanyarsa da laka, dashensa ya yi ja, ƙasa ta tsattsage, ga na Riskuwa kore shar yana shan ruwa. Bai tambayi kowa ba. Ya zaro adda ya sassare tiyon Riskuwa gida uku, ya sa ƙafa ya tunkuɗa injin ban ruwa cikin rami. Riskuwa ya taho da gudu yana cewa, "Dakata, Hodi, bari in hwaɗa ma yadda anka yi," amma bai ƙarasa ba. Hodi ya cafki wuyansa ta baya, ya kifa fuskarsa cikin taɓo, ya danna gwiwa a gadon bayansa. Mutumin ya yi ta shure-shure, laka tana ɓulɓulowa ta gefen kunnuwansa, har ƙafafun suka fara laushi. Manoma huɗu ne suka rugo suka janye Hodi, biyu a kowane hannu.

Suna riƙe da shi Riskuwa ya miƙe. Idonsa cike da taɓo, yana amayar da ruwa, ya laluba ya ɗauki galma, ya juya ƙeyarta, ya zabga wa Hodi a ƙugu ta dama da duk ƙarfin da ya rage masa. Waɗanda suke wurin sun ce ƙarar kamar an karya busasshen reshen gawo ce. Hodi ya zube. Ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta juya waje kamar ba tasa ba, sannan ya yi wata kuwwa da ta tashi tsuntsayen fadama gaba ɗaya.

A kan amalanke aka kai shi wurin maɗori. Maza huɗu suka danne shi, aka ja ƙafar, aka ɗaure da karare da tsumma, ya ciji hannun ɗaya daga cikinsu har ƙashi. Wata uku yana kwance. Da aka kwance ɗorin ƙafar ta gajarce, kuma ko ya taka ta a hankali sai ya ji kamar ana murza masa tsakuwa a cikin gaɓa. A wannan tsakanin dattawa suka tara su a zauren mai unguwa don a yi sulhu. Aka ce Hodi ne ya fara, Riskuwa kuma ya wuce gona da iri, kowa ya yafe. Riskuwa ya miƙo hannu. Hodi ya tofa masa yawu a tafi.

Riskuwa ya goge hannun a rigarsa a hankali. "To, shi ke nan," ya ce. "Abin da ke jikinka ya ishe ka har kushewa."

Bayan wannan ya sayar da gonarsa ya koma Argungu, ya kama sana'ar sayar da bandar kifi a kasuwa.

Shekara biyu Hodi yana jan ƙafa kafin ya yarda aka kai shi wani babban asibiti a Sakkwato. Hoto ya nuna kan ƙashin cinyar ya mutu ya marmashe. Aka yi masa tiyata, aka yanke mataccen ƙashin, aka soka ƙarfe mai dunƙulen kai a cikin cinyar, aka kafa masa ƙoƙo a ƙugu, aka ɗaure ƙoƙon da kusoshi. Da zai fita likita ya gargaɗe shi: kada ya ƙara ɗaukar kaya mai nauyi, kada ya yi tsalle, kuma ya riƙa dawowa duk shekara a ɗauki hoto. Sau ɗaya ya koma.

Gaskiya aikin ya yi kyau. Shekara goma sha biyu ƙarfen ya yi masa hidima kamar ƙashin da aka haife shi da shi. Kafin damina biyu ya koma saɓa buhu. A majalisa yakan bugi ƙugunsa da tafi ya ce, "Ku naku ƙashi na, ni nawa ƙarhe na," har sunan ya bi shi, yara da manya, Hodi Ƙugun Ƙarfe. Faɗa ma bai bari ba. Ya taɓa ɗaga wani dillalin albasa ya jefa shi cikin kwata, ya kuma fasa wa direban tarakta baki saboda ya taka masa kunya. Idan Baiwa ta ce, "Baban Abbas, ka tuna abin da likita yac ce," sai ya ce likita bai taɓa noma ba.

Bayan girbin 2022 ya fara jin wani ƙas-ƙas a ƙugun idan ya tashi daga zaune. Takalminsa na dama ya fara cinyewa ta gefe ɗaya. Bai faɗa wa kowa ba. Daga nan ciwon ya baro ƙugu ya shiga ƙasan ciki, wani irin suka da yakan zo masa ba sallama, ya naɗe shi a tsakiyar gona kamar tabarma. Sai zazzaɓi, sai gudawa mai jini, kwana biyu kuma cikin ya ɗaure tamau ya kumbura. Mai kemis ya ce taifot ne, ya ba shi ƙwayoyi. Mai maganin gargajiya ya ce basir ne, ya ba shi jiƙo mai ɗaci a jarka. Abin yakan lafa mako guda ya dawo da ƙarfinsa. Cikin wata biyar mutumin da ake kira turmi ya zama kara, wuyan rigarsa yana zamowa kafaɗa.

Sai tsohon tabon tiyatar ya kumbura. Ya yi ja, ya yi zafi kamar dutsen guga, in ya danna da yatsa ya ji yana ƙara kamar akwai iska a ciki. Wata safiya Baiwa tana gasa masa wurin da ruwan zafi, wani ɗan baki ya buɗe a ƙasan tabon, ruwa mai launin ƙasa ya tsartu a zanenta. Warin ya sa ta kau da kai. Ta matsa da tsumma, ta duba abin da ya fito, ta sake dubawa.

"Mi na na?" ya ce.

Ta nuna masa. 'Ya'yan kuɓewa ne guda uku, na miyar da ya sha jiya.

Hodi ya daɗe yana kallonsu. A duk rayuwarsa bai taɓa jin tsoro irin na wannan safiya ba, kuma shi tsoro bai san inda zai ajiye shi ba sai a fushi. Wa ya taɓa ganin abinci ya shiga baki ya fito ta cinya? Wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne. Jifa ne. Kuma wa ya ce masa, a gaban dattawa, abin da ke jikinsa ya ishe shi har kushewa?

Baiwa ta aika aka kira Abbas daga shagonsa na walda. Ya zo ya ga wurin, ya ce yanzun nan za a nemi mota a tafi asibiti.

"Babu inda za ni," in ji Hodi. "Asibiti ba ta maganin jihwa. Riskuwa na. Shi yak karya ni, kuma bai ƙoshi ba."

"Baba, mutumin ga shekara goma sha biyar ba ku haɗu ba. Don Allah ka tashi mu tahi."

Abbas ya sunkuya zai ɗaga shi. Hodi ya jawo sandarsa, wata gora mai ƙarfe a kai da shi Abbas ɗin ya yi masa da hannunsa, ya sauke masa ita a goshi. Fatar ta tsage, jini ya rufe wa saurayin ido. Baiwa ta yi salati ta faɗa tsakaninsu. Abbas ya dafe goshi, ya dubi uban nasa ta cikin jinin, ya fita.

Kashegari da hantsi, Baiwa tana bayan gida tana wanke tsummokara, Hodi ya naɗe cinyar da tsohon rawani, ya sa babbar riga, ya dogara sandarsa har bakin titi, ya shiga motar Argungu. Fasinjoji suka yi ta sauke gilashi suna duban juna. Zazzaɓi yana kaɗa shi, haƙoransa suna haɗuwa, amma duk ramin da motar ta faɗa sai ya ƙara damƙe sandar.

Rana ta take tsaka lokacin da ya shiga layin masu kifi. Bai sha wahalar gane Riskuwa ba, ko da yake ya tsufa, gemu ya yi fari fat, yana zaune a kan buhu tsakanin kwandunan tarwaɗa da ragon ruwa, yana korar ƙuda da mafici. Shi ne bai gane Hodi ba.

"Sannu, Malam. Ta nawa za a ba ka?"

"Ba ka gane ni ba?"

Riskuwa ya ɗaga kai ya ƙura masa ido, sai maficin ya tsaya. "Hodi? Subhanallahi. Mi yas same ka haka?"

"Kai ka tambaya ta? Kwance abin da kaɗ ɗaure."

"Wane abu? Ni ban san..."

Hodi ya sauke masa sandar. Bugun farko ya sami Riskuwa a kafaɗa ya kifar da shi cikin kwando. Na biyu ya kare da hannu, yatsu biyu suka karye. Yana ƙoƙarin juyowa ya yi magana na uku ya zo, kan ƙarfen ya shiga idonsa na hagu. Riskuwa ya yi ƙara ya dafe fuska, jini da wani farin ruwa suna bin tsakanin yatsunsa, yana birgima cikin kifi. Hodi ya sake ɗaga sanda.

Bai sauke ta ba. Wani mahauci ya make shi da benci ta baya, ya faɗi rubda ciki, kasuwa ta rufe shi. Masu kifi, 'yan dako, masu wucewa da ba su ma san abin da ya faru ba, kowa da abin da hannunsa ya samu: itacen banda, dutsen awo, takalmi. Aka fasa masa kai, aka zubar masa da haƙora biyu, wani yana ihu a kawo taya. Hodi yana ƙasa yana kai naushi ga ƙafafun da yake iya kaiwa, har ya kama wata ya gantsara mata cizo. Mai ƙafar ya ja da baya, ya tattara ƙarfi ya shure shi a ƙugun dama, daidai kan kumburin.

Wurin ya fashe. Mugunya da jini da bayan gida suka ɓarke ta cikin rawanin, suka jiƙe rigar, suka malala a ƙasa kamar an kifar da bokiti. Warin ya bugi mutane suka watse baya suna toshe hanci, wasu suna amai. Wanda ya ɗauko taya ya sake ta. Aka yi da'ira nesa da shi ana kallo, ba mai son matsowa ko da don ya ƙara masa duka, har 'yan sanda suka iso. Daga baya likitoci sun ce wannan shurin ya taimaka wajen tsirar da ransa, don da ruɓar ta fashe ta ciki maimakon waje, da bai kai la'asar ba.

Daga asibitin Argungu aka wuce da shi Birnin Kebbi, daga can aka ce sai Sakkwato. Abbas ne ya zauna a bayan motar riƙe da ledar ƙarin ruwa, da ɗinki shida a goshinsa. Kwana biyu Hodi bai san inda yake ba. A rana ta uku wata likitar tiyata, Dakta Mansura, ta zo bakin gadonsa da hoto a hannu, ta ɗaga shi saitin taga.

"Baba, kana ji na? Dubi nan. Wannan farin shi ne ƙoƙon da aka sa maka. A nan ya kamata ya zauna. Ka ga inda yake yanzu?"

Ko shi da bai yi boko ba ya gani. Ƙoƙon ya bar mazauninsa ya nutsa ciki, ya karkace, wata doguwar kusa ta miƙe daga jikinsa kamar ƙaho.

"Ƙashin da ke riƙe da shi ne ya cinye a hankali, shekara da shekaru," ta ce. "Nauyi yana tura ƙarfen ciki, har ya fasa ya shiga mararka. Kusar nan ta daɗe tana gugar hanjinka, duk takun da ka yi sai ta goge shi, har ta huda. Abin da ke cikin hanji ya samu hanya ya bi jikin ƙarfen ya fito ta tsohon tabo. Shi ne kuka gani."

Hodi ya motsa kumburarren bakinsa. "Ba jihwa ba na?"

"Kusa ce, Baba. Ga ta nan kana gani. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana faruwa. Da ana ɗaukar hoto duk shekara, da an ga ƙoƙon yana tafiya tun bai kai nan ba."

"Wani ba ya iya turo ta? Daga nesa?"

Baiwa ce ta amsa daga inda take zaune a ƙasa. "Buhu yat turo ta. Buhun da nic ce ka bari."

Sau biyu aka shiga da shi tiyata. A ta farko aka buɗe cikin, aka yanke ruɓaɓɓen hanji kusan kamu ɗaya, aka wanke mara, aka fito da bakin hanjin ta gefen cikinsa aka manna masa jakar da bayan gida zai riƙa zuba a ciki. A ta biyu, bayan kwana tara, aka ciro ƙarfen gaba ɗaya, ƙoƙo da kusoshi da sandar cikin cinya, domin duk sun ɗauki ƙwayar cuta. Ba a sa wani ba. Dakta Mansura ta ce babu sauran ƙashin da zai riƙe sabo.

Da ya farfaɗo daga ta farko ya shafa cikinsa ya ji jakar, ya ɗaga zane ya ga jan naman hanjinsa a waje yana motsi, sai ya haukace. Ya fizge jakar ya yi jifa da ita, ya tumɓuke allurar hannunsa jini ya yi tsartuwa har bango, ya shaƙe wani ma'aikacin jinya da ya zo danne shi. Sai da aka ɗaure hannuwansa da ƙafarsa mai lafiya a jikin gado da bandeji. Yini guda yana fizga yana zagi, har ɗinkin ya fara zubar da jini. Baiwa ta bari sai da muryarsa ta dushe, sannan ta jawo kujera ta zauna daidai kansa.

"Ka gama? To ji. An cire ma Riskuwa ido jiya. Likitoci sun ce ba ya gyaruwa. Ɗan sandan da kag gani bakin ƙohwa, kai shika jira. Ɗanka kuma da kaf fasa ma kai, jininai na cikin jikinka yanzu, leda biyu. Sai ka ci gaba da hwaɗa, in akwai wanda yar rage."

Hodi ya juya fuska bango. Bai ƙara fizga ba. Kwana huɗu abinci ma sai Abbas ya ɗura masa koko da cokali. Abin da ya riƙa dawo masa ba dukan kasuwa ba ne, ba kuma wuƙar likita ba. Fuskar Riskuwa ce lokacin da ya ɗaga kai ya ce mi yas same ka haka. Mutumin tausayinsa ya ji.

Ya yi wata uku a asibiti. Da aka sallame shi aka kai shi gaban alƙali a kan keken guragu, bai musa komai ba. Aka yanke masa ɗauri, ya yi wata takwas, yawancinsu a ɗakin marasa lafiya na gidan yari, inda ya koyi wanke jakarsa da kansa da canza ta ba tare da ya ɓata tufafi ba. Ya fito da ƙafar dama ta gajarce da yatsa huɗu, tana lilo, ba ya tafiya sai da sanduna biyu.

Mako biyu da fitowarsa ya ce Abbas ya kai shi Argungu. Ba su shiga kasuwa ba, gida suka je bayan azahar. Riskuwa ya fito zaure da baƙin tabarau, hannunsa na dama yatsu biyu sun ƙage a lanƙwashe. Ya tsaya daga bakin ƙofa, bai ce su zauna ba. Hodi ya saki sandunan ya zube ƙasa, abin da ya ɗauke shi lokaci, don ƙafar ba ta lanƙwasuwa yadda yake so.

"Na zo roƙon gahwara. Na zalunce ka. Ba kai ba na, kusa ta."

"Na ji labari," in ji Riskuwa.

Akuya ta leƙo zauren ta koma.

"Ranar da kat tahi jana'iza," Riskuwa ya ce, "bakin hanyarka ya ɓalle, ruwa na ta zuba rami. Ni nit toshe shi don kada ƙasarka ta zaizaye, nic ce in ka dawo mu gyara tare. Abin da nika son hwaɗa ma ke nan, kad danna ni cikin laka. Shekara goma sha shida ba ka tambaya ba."

Riskuwa ya gyara tabarau, ya ci gaba.

"Ƙugunka kuma, ni nak karya shi, ban musu ba, kuma na daɗe ina roƙon Allah a kai. Amma ido ba ya tsirowa, Hodi. Ban ce na yahe ba, ban ce ban yahewa ba. Ka bar ni tukuna. Abbas, ɗauki babanka, ƙasa na da sanyi."

Har yau maganar tana nan a haka. Hodi yakan aika da gaisuwa duk sallah, wani lokaci a amsa, wani lokaci a yi shiru.

Yanzu yana da shekara hamsin da tara. Noma ya koma hannun Abbas da ƙaninsa. Shi kuma yana zama a ƙofar gida a Nasarawa, a kan wata kujera da aka yi masa mai tsawo don kada ya sha wuyar tashi, yana tuƙar igiyar ɗaure dabbobi yana sayarwa, sana'ar da ya koya a gidan yari. Zuciyar ba ta mutu ba. Kwanaki wani mai babur ya watsa masa ruwan kwata, aka ga jijiyar wuyansa ta tashi, ya ɗaga sanda har sama, sai dai mai babur ya riga ya yi nisa, shi kuma ba ya iya binsa. Ya daɗe yana huci, sannan ya kira Baiwa ta kawo masa wata riga.

Abin da ya fi damunsa da farko shi ne salla, don jakar ba ta da lokaci, takan yi ƙara ko a tsakiyar sahu. Ya yi wata biyu ba ya zuwa masallaci, sai da liman ya zo har gida ya ce masa larura ce, ya yi alwala ɗaya ga kowace salla ya zo abinsa. Yana zuwa, amma yakan tsaya a ƙarshen sahu kusa da ƙofa, a zaune. Dakta Mansura ta ce idan ya ƙara ƙiba kuma gwaji ya yi kyau, za a iya mayar masa da hanjin ciki a rufe ramin. An sa rana sau biyu ana ɗagawa saboda jininsa bai kai ba. An sake sa wata bayan girbi, kuma Baiwa ta dage da dafa masa hanta da zogale, yana ci yana ƙorafin gishiri ya yi kaɗan.